Iskokin Sama da Zuwan Ruwan Damina a Samaru da Sabon Gari

Manoman Samaru, Bomo, Basawa da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Sabon Gari sun san cewa hadarin da ke zubar da ruwa mai yawa daga gabas yake tasowa, alhali kuwa iskar da ke kawo mana laima daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma take fitowa. Dalilin haka yana can sama, inda idonmu ba ya kaiwa.

A lokacin damina, kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga doron ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Bambancin zafin hamadar Sahara da sanyin yankin bakin teku ne ke haifar da ita. Ba a miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi tamkar igiyar ruwa, kuma duk bayan kwana 3 zuwa 5 sabuwar igiya kan ratsa ta kanmu, ta tara gajimare ta koro shi yamma. Shi ya sa ruwa kan sauka, ya ɗauke na 'yan kwanaki, sannan ya dawo. Wasu igiyoyin, idan suka fita teku ta gaɓar Senegal, sukan rikiɗe su zama guguwar da ke afka wa Amurka. Masana suna sanya su cikin dangin manyan igiyoyin iska da juyawar duniya ke haddasawa, waɗanda Carl-Gustaf Rossby ya yi bayaninsu a 1939.

Sama da wannan kuma, wajen kilomita 12 zuwa 15, akwai wata iskar gabas da ke fitowa daga yankin Indiya. Bincike ya nuna cewa takan yi rauni a shekarun ƙarancin ruwa, irin farin 1983 da 1984.

Samaru na samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, amma a farkon lokacin laimar ba ta gama zama ba. Hadari ɗaya na iya jiƙa gona, a yi mako biyu babu wani, iri ya ƙone a ƙasa. Saboda haka muna kira ga dagatai, masu unguwanni da malaman gona da su riƙa isar wa jama'a hasashen damina da Hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, tare da shawarwarin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, kafin a fita shukar masara.