Yadda Aka Fara Gane Yaron da Zance Ke Yi wa Wuya a Karkarar Kano

Karkarar da ta taso daga Ungogo da Minjibir ta nufi Dawakin Tofa, Bichi da Ɗambatta ta daɗe da cikar jama'a. Gona na manne da gona, gida na kallon gida, ƙasa ba ta hutawa sai dai a yi mata taki. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya sa yankin cikin karkarar da ta fi cunkoso a Afirka ta Yamma. Yaron da aka haifa a nan ba ya rasa mai yi masa magana, kuma a kan wannan yalwar aka gina tsohuwar hanyar koyon zance.

Tun yana goye jariri ke jin hirar mata a bakin turmi. In ɗan fari ne, uwa na kunyar kiran sunansa, sai kaka ta karɓi aikin, tana tsokanarsa da "angona" har ya koyi ramawa. Bayan yaye sai gaisuwa: "Ina kwana?" "Lafiya lau." "Ina gajiya?" "Ba gajiya." A nan yake gane cewa zance karɓa-karɓa ne. Darasi mafi nauyi shi ne aike. Uwa ta ce, "Je ka ce wa Inna ina son daddawa." Yaron ya isa ya yi sallama, ya ce, "Wai in ji Umma tana son daddawa." Ya mayar da "ina" ya koma "tana", don ya fahimci mai magana daban, mai sauraro daban. Binciken Enid Schildkrout a Birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna yara ne ke sada matan kulle da juna ta aike da talla. Da dare kuma ga tatsuniya da kacici-kacici, ga dandali.

Sai dai a kowane zamani akan sami yaron da wannan hanya ba ta kama shi ba. A kira sunansa bai waiwayo ba, a zaci kurma ne, alhali motsin buɗe kwano ba ya wuce shi. A ce masa, "Kana son koko?" ya amsa, "Kana son koko?" Wasu su ce shafar aljanu ce, wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ɗora wa taurin kai su ɗauko tsumagiya. Al'ada ma kan rufe alamun: sunkuyar da kai gaban manya ladabi ne, don haka ƙin haɗa ido ba ya tayar da hankali, kuma yaron kan haddace gaisuwa da karatun allo tsaf, a ɗauka komai lafiya.

Likitoci ba su bayyana wannan lalura ta galahanga, wato otizim, a rubuce sosai ba sai 1943, lokacin da Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya kawo labarin yara 11. Cikin abin da ya lura har da maimaita maganar mutane da musanya "ni" da "kai", wato inda ɗan aike ke tuntuɓe. An yi shekaru ana zargin iyaye mata da rashin shaƙuwa da 'ya'yansu, har binciken tagwaye na Susan Folstein da Michael Rutter a 1977 ya nuna gado na da babban hannu. A 1978 Victor Lotter ya wallafa bincikensa a ƙasashen Afirka shida, har da Nijeriya, ya tabbatar lalurar ba ta Turawa kaɗai ba ce. A 1981 Barry Prizant da Judith Duchan suka nuna cewa maimaitawar nan sau da yawa magana ce: mai cewa "Kana son koko?" yana iya nufin "E, ina so." An kuma gano cewa yawancin jarirai, wajen cikar shekara, kan nuna abu da yatsa su dubi uwa don ta gani tare da su, kuma jinkirin wannan na cikin alamun farko.

Wannan sani ya iso karkara a makare. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2 ga Afrilu don wayar da kai kan lalurar a 2007, Nijeriya ta sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2022 cewa yaro ɗaya cikin ɗari na da lalurar. Akwai likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na ƙwaƙwalwa a Dawanau, amma masu koyar da magana kaɗan ne, kuma a birni suke.

Abin da masanan ke koya wa iyaye bai yi nisa da tarbiyyar gida ba: gajeriyar jimla, maimaici, nuni da hannu, bin abin da yaro ke so, da jiran amsa ba tare da tsawa ba. Gidan da ke da kaka da yayye yana da malamai da yawa. Abin da ya rage shi ne ma'aikatan asibitocin ƙauye da malaman allo su san alamun, a gwada jin yaro da wuri, a ajiye tsumagiya.