Garejin Daura da Masana'antar Kaduna: Tarihin Sana'ar Kanikanci

Daura ba ta taɓa zama garin da ake haɗa motoci ba, amma tarihin garejinta, wato filin da kanikawa ke taruwa suna gyaran ababen hawa, ba ya fahimtuwa sai an haɗa shi da na Kaduna, wadda ita ce hedikwatar jihar da masarautar Daura take ciki daga 1967 har zuwa 1987 da aka ƙirƙiri Jihar Katsina. Tun kafin wannan zamani mota ta san Daura, domin garin yana kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure ta nufi iyakar Kwangwalam da Damagaram, kuma bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, fataucin gyaɗa ya riƙa jawo manyan motoci zuwa ƙasashen da jirgin bai kai ba. A wancan lokaci direba da yaron motarsa su ne kanikawan farko, maƙera kuwa su ake kai wa ƙarfen da ya karye.

Sauyi mafi girma ya zo ne a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot na Nijeriya, wanda aka yi wa rajista a 1972 bisa haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa, ya fara fitar da motoci daga masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna. Aikin masana'antar harhaɗawa ne, ma'ana ana kawo sassan mota a warwatse a ɗaure su wuri guda, har ma an yi shekaru ana ɗauko sassan ta jirgin sama daga Liyon zuwa Kano kafin a wuce da su Kaduna. Da yake kuɗin man fetur ya wadata, gwamnati kuma ta mai da Peugeot motar ma'aikatunta, sai 504 ta zama motar ma'aikaci da basarake da direban haya, ita kuma 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda aka fi sani da a-kori-kura, ta zama jakar kasuwannin ƙauye irin su Mai'aduwa da Zango.

Wannan rinjaye na mota iri ɗaya shi ya tsara garejin yadda aka san shi. Bakaniken da ya ƙware a injin 504 ya ƙware ke nan a mafi yawan abin da zai shigo masa, kayan gyara kuma suna samuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, injin kansa kuwa mai kafireto ne, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, wanda gwani kan gane ciwonsa da kunne tun bai buɗe shi ba. Aiki ya rarrabu a ƙarƙashin inuwa guda: mai inji dabam, mai wayarin dabam, ga mai walda da mai fenti da mai faci, kowa da yaransa. Koyon ya bi tsarin da sana'o'in gargajiya suka saba da shi, inda uba kan kai ɗansa ya danƙa wa maigida, yaro ya fara da wanke ƙarfe da miƙa sifana, ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya sauke inji, a ƙarshe a yaye shi ya kafa nasa wurin. Tsarin ya samar da gwanaye na gaske, ko da yake ilimin ya tsaya a hannu da ƙwaƙwalwa, ba a rubuce ba, kuma wannan ne rauninsa da ya bayyana daga baya.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwa ta juya ga motocin Kwatano, wato na hannu da ake saukewa a tashar ruwan Jamhuriyar Benin, waɗanda da yawansu ke ratsa Nijar su shigo ta iyakokin Arewa. Masana'antar Kaduna ta yi ta ja da baya, aka sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, hukumar karɓar basussuka ta AMCON kuma ta karɓe ta a 2012 saboda bashi. Garejin da ya saba da mota guda ya wayi gari da Golf da Toyota da Honda, kowace da nata tsarin, daga bisani kuma masu kwamfuta da ba a gane matsalarsu sai da na'urar bincike. Baburan Sin da na Indiya su ma sun janye yara da yawa zuwa gyaran babur, wanda ya fi saurin koyo da kawo kuɗi.

Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga Janairun 2017, an aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura a Disambar 2019, kamfanin haɗin gwiwar Ɗangote da Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 2022. Duk da haka, mafi yawan motocin da ke kwana a garejin Daura a yau na hannu ne da aka ƙera a ƙasashen waje, kuma har yanzu a hannun maigida ake koyon gyaransu.