Maɓallin da allura ba ta ɗinkawa

Tsawon ƙarnoni, maɓalli aikin allura ne da zare. Wannan ya wadatar muddin tufa mai laushi ce. Amma a kan fata ko tamfol, inda ake ja da ƙarfi kullum, zare kan tsinke, ramin maɓallin kuma ya yage. Masu ɗinka safar hannu a birnin Grenoble na ƙasar Faransa sun daɗe suna fama da wannan matsala, domin buɗe ƙananan ramuka a fatar ɗan akuya aiki ne mai cin lokaci, mai kuma ɓata fata.

A shekarar 1885 wani Bajamushe, Heribert Bauer, ya yi rajistar maɓallin ƙarfe wanda ake dannawa ya kama, domin wandunan maza. A 1886 Albert-Pierre Raymond na Grenoble ya yi rajistar nasa domin safar hannu. Daga baya, a 1903, Hans Prym na garin Stolberg a Jamus ya inganta shi da siririyar waya mai tankwaruwa wadda ke riƙe kan maɓallin, ta kuma sake shi idan an ja.

Irin wanda ake sa wa abu mai kauri ɓangare huɗu gare shi: hula da mazauni a gefe ɗaya, kai da ƙafarsa a ɗaya gefen. Kowane biyu kan haɗu ta cikin huda guda, su matse yadin a tsakaninsu. Wannan ne ya fitar da aikin daga hannun mai allura ya miƙa shi ga mai guduma. Kayan aikin uku ne: abin huda, ɗan sandan ƙarfe mai baki da aka sassaƙa daidai da maɓallin, da 'yar maƙera mai kwarmi inda hular ke zama don kada ta lotsa. Idan aka buga sandan, bakin ƙafar maɓallin kan naɗe waje kamar leɓe, ya riƙe har abada. Daga baya aka ƙera filaya da injin matsawa na hannu masu yin aikin ba tare da bugu ba.

Zuwan mota ya faɗaɗa kasuwar. Motocin farko a buɗe suke, labulen tamfol ke kare fasinja daga ruwa, iska kuwa takan ɓalle maɓalli. Kamfanin Carr na birnin Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka ya fito da samfurin Lift-the-Dot, wanda ke kulle ta ɓangare uku, ba ya buɗewa sai an ɗaga ta wajen ɗigon da aka yi masa alama. Sojojin Amurka sun yi amfani da shi a jakunkunan harsashi tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. A nan, maɓallin da ya buɗe da kansa yana nufin harsashi ya zube a laka. Shi kuwa wannan samfuri ba ya shiga yadi sai da abin huda nasa na musamman, mai buɗe rami da tsagogin faratansa a bugu ɗaya.

Nan ne nasarar ta haifi tata matsala. Maɓallin zare, kowa na iya mayar da shi a gida. Na ƙarfe kuwa, cire shi ma sai an yanke ko an ƙwaƙule naɗaɗɗen bakinsa da abin huda ƙarfe, a hankali, don kada ramin ya ƙara faɗi. Sa'an nan dole sabon ya dace da sandan bugu. Ana auna girmansa da tsohon ma'aunin maɓalli inda layi 40 ke daidai da inci ɗaya: mai lamba 24 ya kai kimanin milimita 15, mai lamba 20 kuma kimanin 12.5. Tsawon ƙafa ma sai ya dace da kaurin yadi. Gajeruwa ba ta kamawa, doguwa takan karkace.

Saboda haka jaka ko rumfar tamfol mai sauran shekaru a gaba takan tashi daga aiki domin ɗan ƙarfen da bai kai girman farce ba. Ko za ta tsira ko za a yar da ita ya dogara ne a kan samun baduku ko mai ɗinkin tamfol wanda ke da sandan bugu daidai da wannan maɓalli a akwatinsa.