Gulbi Mai Masu Shi: Raddi Ga Masu Kiran Argungu Banaras Ta Hausa

Musabbabin wannan maƙala wata magana ce da wani abokin karatuna, malami a ɗaya daga cikin jami'o'in ƙasar nan, ya yi mana bayan la'asar a wani zaure na unguwarmu ta Briqueterie, wadda 'yan ƙasa ke kira Ekudu, a nan Yawunde, jim kaɗan da komowarsa daga Indiya, inda ya raka mahaifinsa neman magani har ya sami sukunin kwana uku a Banaras. Ya ce tun da ya tsaya a bakin Ganga da asuba ya ga dubban mutane suna nitso suna ɗaga ruwa a tafin hannu zuwa ga rana, zuciyarsa ba ta tafi ko'ina ba sai Matan Fada, gulbin Argungu, kuma ya sakankance cewa abin da Sarkin Ruwan Argungu yake yi kafin a faɗa su saura ne na bautar gulbi irin ta Hindu, wadda Musulunci ya kankare ya bar ɗan gurbinta. Da yake na sake jin wannan ra'ayi a bakin ɗalibai, har ya fara zama kamar mas'alar da aka gama, na ga ya wajaba in bayyana inda nake ganin ƙiyasin ya karkace.

Ba zan tsawaita a kan abin da ma'abota wannan fanni suka sani ba. Bayanin Banaras yana wurin Diana Eck (1982) da Jonathan Parry (1994), na masuntan Kabi yana wurin P. G. Harris (1942), kuma kowa ya san an mai da sun Argungu biki na sarauta a 1934 domin tarbar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, sannan UNESCO ta shigar da shi cikin gādon al'adun duniya a 2016. Abin da ya kamata a tuna kawai shi ne, auna gulbinmu da gulbin wasu tsohuwar ɗabi'a ce ta malamanmu, domin Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kamanta abin da mutanen Barno ke yi wa gulbinsu da abin da Kibɗawa ke yi wa Nilu a jahiliyya. Saboda haka ban zargi abokina da yin ƙiyasi ba. Tuhumata a kan illar da ya gina shi ce.

Adalci ne in fara da inda ya yi gaskiya, kuma wurin yana da faɗi. Matakalan dutse fiye da tamanin da suka jeru a gaɓar yamma, daga Assi a kudu zuwa wajen mahaɗar Waruna a arewa, wuraren ibada ne kuma wuraren neman abinci ne a lokaci guda: ya ga mai wanki yana bugun tufafi a kan dutse, taku kaɗan daga wani tsoho da ya nutsa har ƙirji yana motsa leɓe, ya ga wanzami yana aski, da mai shayi, da yara suna tsalle daga kan jirgi, bauna kuma kwance a ruwa ba ta kula kowa ba. Wanda ya taɓa zama a bakin gulbin Kabi da hantsi, mata suna wanke-wanke, masunta suna ɗinkin homa, Fulani suna shayar da shanu a mashaya, ba zai ga baƙon abu ba a nan. Haka nan sana'ar ruwa gādo ce a wuraren biyu: Malla ke tuƙa jirage a Banaras, Dom ke riƙe da wutar ƙona gawa, kamar yadda sarautar ruwa da ta Homa suke bin gida a Argungu. Har ma akwai kama ta uku wadda shi bai lura da ita ba, wato cewa gagarumin bikin fitilu da ake yi kowace magariba a matakalar Dashashwamed, wanda baƙi ke ɗauka ya girmi tarihi, a shekarun 1990 ya sami wannan siffa tasa, kamar yadda gasar Argungu ta 1934 sabuwar riga ce da aka ɗora wa tsohuwar al'ada.

Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Malaman usulu sun shar'anta cewa ba a riskar da reshe ga asali sai illar hukunci ta tabbata a duka biyun, kuma illar da ta sa Banaras ta zama Banaras ita ce, a aƙidar masu ita, ruwan da kansa Ganga ce, uwa abar bauta wadda ta sauko daga sama, aka tare ƙarfinta da gashin Shiba don kada ta farfasa ƙasa. Daga wannan aƙida ayyuka uku suka tsiro, kuma su ne ma'aunin da nake so a riƙe: mutum yana shiga ruwan domin ya wanke zunubi, yana ɗibarsa a tulun tagulla ya kai gida ya ajiye shekara da shekaru, a ɗiga wa mai gargara a baki, kuma yana kawo mamacinsa, ko ya kawo kansa tun da sauran numfashi, domin a ƙone shi a matakalar Manikarnika ko ta Harishcandra a zuba tokar a ruwa, bisa imanin cewa wanda ya mutu a Kashi, wato Banaras, ya kuɓuta daga sake haihuwa. To, wanne daga cikin ukun nan ake yi a Matan Fada? Bakabe ba ya shiga gulbi don kankarar zunubi, ba ya ajiye ruwan Matan Fada a ɗaka don ranar mutuwa, kuma gawarsa maƙabarta ake kai ta a kan tudu. Abin da yake shiga nema, da gora a ƙarƙashin ciki da homa a hannu biyu, giwan ruwa ce.

Sunayen al'adun ma sun isa shaida ga mai kunnen Hausa. Ana cewa gyaran ruwa, ana cewa fashin ruwa. Abin da ake gyarawa abu ne mai iya ɓaci, abin da ake fasawa kuwa abu ne da aka rufe aka hana. Kuma lalle an hana su a Matan Fada tsawon shekara har sai ranar da aka ba da izni. Aikin Sarkin Ruwa, gwargwadon yadda Kabawa da kansu suke faɗa, shi ne ya shiga tsakanin mutanen tudu da mazauna ruwa, ya nemi kadduna su kauce, iskokin gurbi su yi haƙuri, kifi ya taru, a shiga lafiya a fita lafiya. Wannan aikin jakada ne da ake aikawa ga maƙwabta masu ƙarfi waɗanda ake tsoron saɓa musu. Gulbin gida ne mai masu shi, kuma girman da ake ba shi girman masu gidan ne. Ba ina wanke al'adar ba ne ta fuskar shari'a, domin hukuncin neman yardar iskoki sananne ne a littattafan Shehu Usmanu, kuma fatawa ba aikin wannan maƙala ba ce. Magana ce ta siffanta abu da siffarsa, kuma wanda zai yi hukunci ma ya fi kowa bukatar a siffanta masa daidai.

A nan ne abokina ya kawo hujjarsa mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Ya ce, "Malam, ai abin da kake aunawa saura ne. Shekara ɗari biyar na Musulunci, da jihadi a kai, sun isa su cire wankan zunubi da kai gawa, su bar abin da ba ya tayar da hankalin malamai. Rashin abu yau ba dalili ba ne a kan rashinsa jiya." Wannan magana daidai ce a ƙa'ida, kuma da Argungu kaɗai gare mu da na yi shiru. Amma muna da Jakara ta Kano. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ba da labarin mutanen Barbushe kafin zuwan Musulunci, kuma marubucinsa ba shi da wata bukata ta sassauta kafircinsu, hasali ma ya zayyana shi dalla-dalla: baƙin ruwa kewaye da kurmi, da tsibiri a tsakiyarsa, da kururuwa da hayaƙi da ke tashi idan masifa ta doso gari, da yankan baƙin kare da baƙin bunsuru don a kwantar da abin. Duk wannan yana nan, amma babu wanka, babu ɗibar ruwa don tabarruki, babu kai matattu. Abin tsoron yana cikin kurmi da tsibiri, abin bautar kuwa Tsumburbura ce, ruwan yana kewaye da tsibirin ne kamar ganuwa. Idan haka lamarin yake a mafi tsufan hoton da muke da shi na Maguzanci, to da'awar cewa an taɓa yin wankan zunubi sannan aka kankare tana bukatar shaida daga mai da'awa.

Abin da ya sami Jakara daga baya ya ƙara ƙarfafa mini wannan fahimta, ko da yake na san dalili ne na bayan fage. Tun da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi a wannan wuri, alfarmar ta tashi tare da kurmin, har Jakara ta wayi gari magudanar dattin birni, ta kuma haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ba kuwa wanda ya ji an taɓa masa addini. Ganga ta sha abin da ya fi haka, daga majemun Kanpur da magudanan Banaras kanta, har gwamnatin Rajiv Gandhi ta ƙaddamar da shirin tsabtace ta a 1986, amma ko ƙwayar zarra ba ta ragu ba a idon masu nitso. Kelly Alley (2002) ta nuna yadda mutanen Banaras ke raba ƙazanta ta zahiri da tsarki na zati, su yarda da ta farko ba tare da sun ga ta shafi na biyu ba. Kuma Veer Bhadra Mishra, wanda ya haɗa shugabancin wurin bautar Sankat Mocan da farfesancin injiniyan ruwa, ya kafa gidauniyarsa a 1982 yana auna ƙwayoyin cuta a ruwan da yake wanka a ciki kullum, har ya rasu a 2013. Tsarkin da ƙazanta ba ta iya rushewa yana cikin zatin ruwa. Wanda ya tashi da aka sare itatuwa kuwa dā ma na mazauna wurin ne.

Na tuna wata safiya ta damina a nan unguwar, famfo ya kawo ruwa ja kamar an jiƙa bulo, wani yaro ya tsaya da buta a ƙofar masallaci yana shakka. Wani dattijo ya karɓa, ya zuba kaɗan a tafinsa, ya duba, ya sansana, ya taɓa da harshe, ya ce, "Yi alwalarka, ɗana, jar ƙasa ce, ba najasa ba." Hukuncin Risala ne ya zartar a tsaye: ruwan da ƙasarsa ta canza shi yana nan muɗlaƙi, wanda najasa ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya faɗi. Abokina zai ce wannan fiƙihu ne, ba Maguzanci ba, kuma haka ne. Abin da nake nunawa shi ne, a wannan gaɓa fiƙihun bai tarar da wata aƙida da zai rusa ba, domin Bahaushe, a masallaci ko a bakin gurbi, mai binciken ruwa ne, yana tambayar halin da yake ciki da abin da ya shige shi.

Wajibi ne kuma in taƙaita da'awata zuwa inda hujja ta tsaya, domin da na fara wannan bincike na so in ce Afirka ta Yamma gaba ɗaya haka take, sai misalai suka hana ni. Osun ta Osogbo, wadda UNESCO ta karɓi kurminta a 2005, gulbi ce kuma abar bauta ce, ana ɗibar ruwanta a kai gida don neman haihuwa. Da abokina ya ce Osogbo ya tuna a Banaras, da jayayyarmu ta yi gajarta. Harakoi Dikko ta Sorkon Songhai, waɗanda Jean Rouch ya yi nazarinsu, ta fi iskokin Kabi kusa da zama uwar gulbi, kuma tun da Sarkawa, wato Sorkon, da Kabawa sun daɗe suna cuɗanya a ruwa ɗaya, ba zan rantse cewa babu abin da ya tsallaka ba. A gefe guda, Ngondo na mutanen Sawa a Duwala, inda mai nitso ke sauka cikin Wuri da tukunya ya komo da saƙon mazauna ruwa, ya fi kama da aikin Sarkin Ruwa nesa ba kusa ba, kuma abin mamaki ne mutumin Kamaru ya tsallake Duwala ya tafi Indiya neman misali. Tafkin Madarumfa kusa da Maradi, albarkarsa ana jingina ta ga waliyyai 99 da ake cewa suna kwance kewaye da shi, wato nan ma darajar ta maƙwabta ce. Saboda haka abin da nake iya tsayawa a kai bai wuce wannan ba: a Kabi da Kano, a cikin abin da aka rubuta da abin da ake gani, babu ɗaya daga ayyuka ukun da suka sa Ganga ta zama Ganga.

Akwai hanya ɗaya da abokina zai iya kayar da ni, kuma na faɗa masa ita a zauren kafin a kira magariba. Mai nitso a Banaras yana kiran ruwan da sunan uwa, yana yi masa magana baki da baki. Ya je Argungu kafin watan biki, ya zauna da gidan Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta, ya nemi izni ya rubuta lafazin da ake furtawa a bakin Matan Fada ranar gyaran ruwa, sannan ya duba lamirin da ke ciki. In ya tarar ana ce wa gulbin "kai" ko "ke", ana roƙonsa shi da kansa, zan janye rabin abin da na rubuta a nan, in kuma sanar a wannan mujalla. In kuwa "ku" ake cewa, ana nufin waɗanda ke ciki, to sai ya nemo wa Banaras wata 'yar'uwar.