Yaron da Ke Juya Lilon Sallah, Wa Ke Cika Masa Albashi?

Jama'a, a watan Yunin 2019 duk ƙasar nan ta sha dariya da labarin goggon birin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 6.8 a Gidan Zu na Kano. Daga baya gwamnan jihar ya ce gidan ko goggon biri ba shi da shi. An yi ta raha a Facebook, amma lissafin da ke cikin labarin ya wuce mu. Kuɗin shiga ne na 'yan kwanakin ƙaramar Sallah kawai. A shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000, wato cinikin ƙofa ɗaya na 'yan kwanaki ya isa albashin wata na mutum sama da 200. Gidan Zu na gwamnati ne, ma'aikatansa suna da tsarinsu. Maganata a yau a kan wuraren wasan yara na 'yan kasuwa ce, da samarin da ke juya lilo, su yanki tikiti, su share wuri, su kwana gadin janareta. Kuɗi na shiga harkar nan, to me ya sa ladansu bai taka kara ya karya ba? Amsar tana cikin tarihin gonakinmu.

Duk wanda ya san arewacin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa har Dambatta, ya san ƙasa ce da ba a barinta ta huta. Gona na jikin gona, gida na kallon gida, ga dorawa da kuka da gawo a tsakani. Wani malamin jami'ar Zariya, Michael Mortimore, ya yi nazarin gundumar Ungogo a shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma kusan kowane taƙi duk shekara, da taimakon takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa. Jaki ya kai itace birni, ya dawo da taki. Tun can gonar ba ta da faɗi, saboda haka kowane gida na da sana'ar rani: saƙa, rini, jima, ƙira, ko tafiya cin rani.

A nan asirin yake. Ɗan cin rani na wancan lokaci ba da ladan birni yake ci da gidansa ba. Hatsi na cikin rumbu, iyali na cikin gandu, shi kuwa ya rage wa gida baki ɗaya, ya samo kuɗin haraji da na tufafi da ɗan abin aure. Da hadari ya fara haɗowa sai ya ɗaure kayansa. Mai ɗaukar aiki a birni ya gane haka, sai ya saba biyan ladan da ba zai riƙe iyali ba. A taƙaice, gona ce take cika albashin.

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 da cinikin gyaɗar da ya biyo baya sun ƙara wa tsarin ƙarfi, don manomi ya samu amfanin sayarwa. Sai fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo a 1975, dalar gyaɗa ta zama labari. A wannan zamani ne Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya gina Gidan Zu da madatsar ruwa ta Tiga da otal ɗin Bagauda, wato tushen harkar shaƙatawa ta zamani a jihar. Samarin karkara kuma suka samu masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda akwai takardar ɗaukar aiki da ƙungiya. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga matsalar wuta, ga kayan waje masu araha, masana'antun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage wa ɗan ƙauye shi ne aikin yini: dako, gadi, acaɓa, sai irin wannan aiki na wuraren wasa.

To ina doka? A watan Mayun 1981 ƙungiyar ƙwadago ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta shiga yajin aikin gama-gari, ta nemi naira 300, gwamnatin Shagari ta tsaya a 125. A lokacin kuɗin sun kai kusan dala 200. Aka zo 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, sai 70,000 a watan Yulin 2024, wadda a ranar da aka sa hannu ba ta kai dala 50 ba. Kano ta ɗora dubu ɗaya a kai, ta ce 71,000. Lamba na hawa, abin da take saye na sauka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashin abinci kuma ta kai kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar.

Amma ku lura da wannan: ko ita 70,000 ɗin ba ta hau kan kowa ba. Dokar 1981 ta ware duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba. Ta 2019 ta rage zuwa 25, amma ta ci gaba da ware masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya bisa kamasho ko yawan aikin da suka yi, da masu aikin da ke zuwa lokaci-lokaci. Ku dubi mai juya lilo, wanda ake kira idan Sallah ta matso, a sallame shi idan ta wuce. Kamar da shi aka auna ramin da ke cikin dokar.

Gonar da ake dogaro da ita kuma fa? An raba gado sau biyu, sau uku, abin da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke kallonsa. Birni ya cinye gonakin Ungogo ya mayar da su fuloti. Buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Rumbu ba ya kai gida wata shida, amma ana biyan yaro kamar har yanzu a cike yake. Ƙari a kan haka, Sallah tana zagayawa da wata. Babbar Sallar 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, daidai lokacin shuka. Yaro ya zaɓa: ya tsaya ya shuka gero, ko ya tafi neman kuɗin kwana biyar.

Aikin kansa ba wasa ba ne, ko da yake sunansa wurin wasa. Tsayuwa daga hantsi har bayan isha'i, ƙarar janareta da ta lasifika, rana, turereniya, zagin iyaye idan layi ya yi tsawo, kuma dole ka saki fuska. Ranar da kowa ke cin tuwon Sallah da 'yan uwansa kai kana bakin aiki. Irin gajiyar nan ce da barci ba ya maganinta, har mutum ya daina damuwa da komai. Wannan hannun da ya gaji shi ke riƙe da makunnin injin da ya ɗaga ɗanka sama. Ko don wannan, maganar ta shafe mu.

Kada mu ɗauka ciwon namu ne kaɗai. A Disneyland ta Amurka, wadda aka buɗe a 1955, wani bincike na 2018 ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan ba sa samun abin da zai biya buƙatunsu na wata, kuma kusan ɗaya cikin goma ya taɓa rasa matsuguni a shekaru biyun da suka gabata. Bambancin shi ne suna da ƙungiya. A 2024 suka kaɗa ƙuri'ar shiga yajin aiki, aka mayar da ladan awa ɗaya dala 24. Namu yaran ba su da wanda zai zauna a teburi da sunansu.

Mu ma'aikatan gwamnati, idan an taɓa mu muna da inda za mu kai kuka. Ya kamata mu ara musu murya. Dokar ƙwadago da muke da ita ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, ta kuma ba shi hutun kwana ɗaya a kowane mako. A fara da aiwatar da wannan. Hukumar da ke ba wuraren nan izini ta sa tsarin karɓa-karɓa da tsayayyen ladan yini cikin sharuɗɗanta. 'Yan majalisarmu na tarayya su nemi a toshe ramin nan idan an zo bitar albashi, tunda yanzu duk shekara uku ake yi. Masu wuraren kuma, mun san kuɗin dizal na cin ku, amma haƙƙin ɗan ƙwadago ba inda ake rage asara ba ne.

Gona ta ɗauki nauyin arhar ladan birni fiye da shekara 100, yanzu ta gaza. Wanda ya taɓa yin aikin, ko yake da ƙani a ciki, ya faɗa mana nawa ake biya a yini, ba sai ya ambaci sunan wuri ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu fita haƙƙin na ƙasa da mu.