Fauziya: ƴar Togo da ta sauya dokar mafaka a Amurka

A watan Disamba na 1994, wata yarinya ƴar shekara 17 daga garin Kpalime na ƙasar Togo ta sauka a filin jirgin Newark, a Amurka. Sunanta Fauziya Kassindja. Mahaifinta ya hana a yi wa ƴaƴansa mata kaciya. Da ya rasu, dangi suka ɗaura mata aure da wani mai mata uku, suka sa ranar kaciya. Sai ta gudu.

Maimakon mafaka, aka tsare ta a kurkuku fiye da shekara guda. Alƙalin farko ya ce bai yarda da labarinta ba. A lokacin, dokar mafaka ta san wanda aka tsananta wa saboda launin fata, addini, asali, siyasa ko wani rukunin jama'a, amma ba ta fayyace matsayin macen da ta tsere wa kaciya ba.

Lauyoyi suka ɗaukaka ƙara. A watan Yuni na 1996, hukumar ɗaukaka ƙarar shige da fice ta yanke cewa tsoron kaciya na iya zama dalilin ba da mafaka. A 1997, Layli Miller-Muro, ɗalibar lauya da ta fara tsaya mata, ta kafa cibiyar Tahirih don kare baƙin mata masu irin wannan matsala.

Togo ta haramta kaciyar mata a 1998, Nijar a 2003. Malamai da iyaye, mu lura: kariyar Fauziya ta ƙare ranar da aka binne mahaifinta. Doka ce ta ɗora daga inda ya tsaya.