Samanja Kyari Magumeri

Cikin sojojin ƙasar nan da suka yi yaƙin duniya, da wuya a sami wanda labarinsa ya fi na Kyari Magumeri ban mamaki. Shi mutumin Barno ne, Turawa kuwa suna rubuta sunansa Chari Maigumeri.

Tun yana saurayi ya shiga sojan Jamus a ƙasar Kamaru, gama a zamanin nan Jamus ke mulkinta. Sa'ad da yaƙi ya tashi a 1914 sai ya tsaya wa iyayen gidansa da gaske, har suka ba shi lambarsu ta jaruntaka, watau Iron Cross. Amma da Garwa ta faɗi a 1915, sai Ingilishi suka kama shi. Bai daɗe yana ɗan fursuna ba, a 1917 ya sa kakin sojan Nijeriya, aka aika da shi Afirka ta Gabas ya yaƙi Jamus ɗin da suka koya masa harbi. Ka ji yadda duniya ke juyi.

Bayan yaƙi ya zauna cikin soja, yana ta hawa daga igiya zuwa igiya, har ya zama Samanjan bataliya. Aikin Samanja kuwa ba ƙarami ba ne. Shi ne tsani tsakanin hafsoshi Turawa da sojoji, shi ke horon kurata, shi ke jin kukansu, in an shiga wuta kuma fuskarsa suke dubawa.

Da yaƙin Hitila ya zo, yana cikin mutanenmu da suka kara da Italiya a ƙasar Somaliya da Habasha. Sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, kafin ƙarshen Maris sun kai Harar. A wannan yaƙi ya sami lambar Military Medal. Daga baya aka tafi da su Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, suka yi fama da Japan cikin kurmi da ruwan sama da zazzaɓi.

Ya bar aiki a 1953 bayan shekara 36, aka girmama shi da muƙamin Kyaftin. A shekarar nan ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth. Barikin soja na Lokoja kuma an sa masa sunansa.

To, shi Allah ya komo da shi gida. Abokansa da yawa ba su komo ba. Waɗansu suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, waɗansu ko kabari ba su samu ba, sai dai sunayensu da aka sassaƙa jikin dutse a can, cikin sunaye wajen 27,000. Ba ɗan'uwan da ya yi musu wanka, ba wanda ya zuba musu ƙasa daga cikin danginsu. Wanda duk ya tuna da Kyari, ya kamata ya tuna da su. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, amin.